Yadda Mutane Suka Koyi Karatu Da Zuci

Ya kai mai karatu, in kana karanta wannan takarda da ƙarfi, kana bin baƙaƙe da yatsa, kada ka ji kunya. Haka mutanen da suka daɗe suna yi.

A shekara ta 384 wani malami mai suna Agustin, haifaffen ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya tafi birnin Milan na ƙasar Italiya. Can ya tarar da babban limamin Kiristoci na garin, Amburos, yana karatu baki rufe. Abin ya ba shi mamaki, har ya rubuta labarin cikin littafinsa. Me ya kawo mamakin? A zamanin nan ana rubutu ne ba a barin fili tsakanin kalmomi. Dubi wannan: manomiyatafigona. Sai ka faɗe shi da baki kafin ka gane manomi ne ya tafi gona. Sai bayan shekara kamar 300 masu kwafar littattafai a ƙasar Ailan suka fara raba kalmomi. Ƙaramin abu ne, amma ya sauƙaƙa karatu da zuci. Mai karatu da zuci kuwa yana iya tsayawa, ya koma baya, ya tambayi kansa: shin gaskiya marubucin nan ya faɗa?

Wajen 1455 wani Bajamushe, Gutenberg, ya buga littafi da inji. Sannu a hankali littafi ya yi araha, talaka ma ya samu na zama da shi.

A 1991 aka buɗe wa jama'a shafukan intanet, daga baya suka shigo cikin salula. Rubutu ya yi yawa fiye da kowane zamani, amma guntu-guntu. Kana kan layi na biyu saƙo ya shigo, ka bar wannan ka kama wancan. Ni ma ina gani a ajinmu na yaƙi da jahilci. Salula guda ta yi ƙara, kai ashirin su ɗago, sai mun koma farkon shafi. Ba na zagin salula, da ita nake jin lafiyar ƙanena da ke ci-rani.

To, ga labarin da nake so ka riƙe. Maryanne Wolf malama ce a Amurka, aikinta binciken yadda ƙwaƙwalwa take karatu. Ta nuna ba a haifar mutum da karatu kamar yadda ake haifarsa da gani. Koya ake yi, ƙwaƙwalwa ta buɗe masa hanya, kamar turbar da ƙafa ke fitarwa zuwa rijiya. In an daina bi, ciyawa ta rufe ta.

A littafinta na 2018 ta faɗi abin da ya same ta. Bayan shekaru tana karatu a kwamfuta cikin gaggawa, ta ɗauko wani dogon littafi na Hermann Hesse da take ƙauna tun ƙuruciya. Ta kasa. Idonta na gudu, ma'ana ba ta zama. Sai ta ɗora wa kanta minti 20 kullum, ita da littafin kawai. Sai da ta yi mako biyu kafin karatun ya dawo mata.

Wannan fa mace ce da ta tsufa cikin littattafai. Kai kuwa bara ka fara riƙe alli.