Masu Nazarin Tsaron Arewacin Kano: Daga Zauren Fada Zuwa Cibiyoyin Bincike

A zamanin yau akwai wata sana'a wadda ɗalibai da yawa ke sha'awa, watau aiki a cibiyoyin da ke nazarin tsaro da harkokin ƙasashen waje domin ba gwamnati shawara. Akan ɗauka cewa Turawa ne suka zo da wannan sana'a. Gaskiyar magana ita ce sunanta da ofisoshinta ne sababbi, amma aikin kansa ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma babu inda ya fi nuna haka kamar karkarar arewacin Kano, daga Fanisau da Minjibir da Gezawa har zuwa Ɗambatta da Ƙunci.

Wannan yanki yana daga cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Gona tana haɗe da gona, ba a barin saura, kuma jakuna sun daɗe suna ɗauko taki daga birni su koma da itace da hatsi, kamar yadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960. Ƙasa irin wannan ba ta da dutse ko babban kogi da zai tare maƙiyi. Saboda haka tsaronta ya dogara ne ga sanin abin da maƙwabci yake ƙullawa tun kafin ya ɗaura sirdi.

Tun a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano. A cikin mulkinsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492, ya rubuta littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya nuna cewa lalle ne sarki ya kasance yana da masu hankali da zai yi shawara da su, da magatakarda, da manzanni, da 'yan leƙen asiri. Ke nan tun a wancan lokaci an rarrabe tsakanin mai kawo labari da mai auna labari, kuma aikin mai aunawa shi ne abin da cibiyoyin yau suke yi.

Bayan jihadi, arewacin Kano ya zama fagen fama. A 1819, da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe kimanin shekara biyar ana yaƙi. Baturen nan matafiyi, Kilafatan, ya iske Dabo a Fanisau cikin 1824 yana shirin fita wannan yaƙi. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya raba gardama, ya tabbatar wa Ɗantunku da ƙasar Kazaure. Abin lura a nan shi ne takobi ya kasa gama abin da sulhu ya gama. Fanisau kuwa ta zama ribaɗi, watau garin tsaro mai ganuwa, wanda gandayen bayi ke ciyar da mayaƙansa.

Hanyoyin samun labari a wancan zamani suna da yawa. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu suna kai da komowa tsakaninsu da dagatai. Fatake da ke bin hanyar Damagaram da Agadas suna sauka a gidajen fatoma, su bar labarin farashi da na yaƙi. Larabawan Gadamus da Tarabulus mazauna birni suna samun wasiƙu daga ƙetaren hamada. Malamai da almajirai ba su san iyaka ba. Wazirin Sakkwato kuwa shi ne ke lura da al'amuran Kano, kuma wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a Sakkwato a 1903 sun nuna yadda ake musayar rahoto tsakanin masarautu.

Amma samun labari daban, auna shi daban. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zindar. Kano kuwa ta faɗa cikin Basasa a 1893, ta fito a raunane. A ƙarshen shekarun 1890 rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ta kutso har Gezawa da Tattarawa, talakawan karkara suka sha wuya. Hankalin fada ya koma arewa. Sai ga shi a 1899 Faransawa sun ci Zindar, sun kashe Ahmadu, a ran 3 ga Fabrairu, 1903 kuma Ingilishi suka shiga Kano ta kudu, daga Zariya, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Labarin Nasara ya daɗe da isowa fada. Abin da ya yi wuya shi ne gane cewa wannan maƙiyi ba irin na da ba ne, mai kai hari ya kwashi ganima ya koma.

Daga nan shawara ta bar hannun 'yan ƙasa. Yarjeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka tsaga iyakar arewa, kuma babban abin da ya sa aka yi ta gyara layin shi ne Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Zindar. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakun iyaka. Ba a tambayi manomin Ɓaɓura ko na Magarya ba, aka wayi gari ɗan'uwa yana biyan haraji da sule, ɗan'uwansa da tamma.

Da aka samu 'yancin kai, sai aikin ya dawo da sabuwar kama. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Nijeriya a Ikko, a 1979 kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki a Kuru, kusa da Jos. Tarihin shugabannin cibiyar Ikko ya nuna irin tsanin da ke cikin sana'ar. Bolaji Akinyemi ya bar koyarwa a jami'a ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1983, ya zama ministan harkokin waje a 1985. Ibrahim Gambari, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gaje shi, ya zama minista a 1984. A Kano kanta, Jami'ar Bayero ta mayar da gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, watau Mambayya, cibiyar bincike a kan dimokuraɗiyya.

Kano ba ta daina zama dandalin waɗannan al'amura ba. A watan Maris na 1979 a nan aka tara ɓangarorin yaƙin basasar Cadi domin sulhu. A Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya nuna cewa abin da ke ƙetaro iyaka ba hatsi da dabbobi ne kaɗai ba. Daga 1984 zuwa 1986 aka rufe iyakokin Nijeriya a daidai lokacin fari, aka sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, har ta yi barazanar amfani da soja. Kasuwar hatsi ta Dawanau da ta dabbobi ta Maigatari suka ji a jika. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne 'yan Nijeriyar da suka fara samun ganin shugaban sojan Nijar, Janar Abdurrahman Tiyani, a watan Agusta, su ne Muhammadu Sanusi na Biyu da kuma ayarin malaman addini, bayan manzannin hukuma sun dawo ba su gan shi ba. Tsohuwar hanyar fatake da malamai ta buɗe ƙofar da takardar ofis ta kasa buɗewa. Duk da haka Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Wanda ke son wannan sana'a yana bukatar digiri a tarihi ko kimiyyar siyasa ko tattalin arziki, da iya rubuta rahoto gajere wanda mai mulki zai karanta ya gane. Sai dai wannan bai wadatar ba. Yana bukatar Faransanci domin takardun Yamai, da Larabci domin wasiƙun magabata, da kuma Hausar kasuwa, ya zauna da dillalin hatsi da direban babbar mota da mai unguwa ya saurara. Ma'aikacin gwamnati kuma, ko a ƙaramar hukumar Makoɗa yake ko a ma'aikatar Abuja, ya sani cewa rahoton da ya ɓoye don gudun ɓacin ran na gaba da shi, talaka ne zai biya kuɗinsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma mutanen Gezawa da Tattarawa sun ga tabbacin haka tun fiye da shekara ɗari da ashirin da suka wuce.