Ciwon da ma'aikatan agaji suka daɗe suna ɓoyewa

Ranar 24 ga Yunin 1859 wani ɗan kasuwa mutumin Siwizalan, Henri Dunant, ya iso kusa da Solferino a arewacin Italiya yana neman ganin Sarkin Faransa Napoleon na Uku kan wata harkar kasuwancinsa a Aljeriya. Sai ya tarar an gwabza yaƙi, dubban sojoji zube a fili, wasu sun cika, wasu na nishi. Ya ajiye abin da ya kawo shi, ya haɗu da matan garin Castiglione suna shayar da masu rauni suna wanke musu jini a cikin coci. Littafin da ya rubuta a 1862 shi ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a Jeniba a 1863.

Shi kansa Dunant bai gama da daɗi ba. Ya karye a kasuwa a 1867, abokan tafiyarsa suka juya masa baya, ya ƙare rayuwarsa a ɗaki guda a wani asibiti a garin Heiden, cikin baƙin ciki da fargabar cewa ana farautarsa. A can lambar yabo ta Nobel ta same shi a 1901. Aikin da ya kafa ya tanadi gado da magani ga sojan da aka harba, amma bai tanadi komai ba ga zuciyar wanda ya ɗauko sojan.

Haka aka tafi fiye da shekara ɗari. Aikin agaji ya gaji halinsa daga barikin soja da gidajen mishan, inda ake ɗaukar juriya a matsayin ado, kuka kuma abin kunya. Likitocin Faransa da suka yi aiki a yaƙin Biyafara tsakanin 1967 da 1970 sun koma gida sun ƙi yin shiru kan yunwar da suka gani, har suka kafa ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, a 1971. Sai dai abin da ganin yunwar ya yi musu su kansu bai shiga cikin maganar ba. Wanda barci ya ƙaurace wa yakan nemi sauƙi a taba ko barasa, ko ya roƙi a tura shi wani fagen da ya fi na baya zafi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Daga wasu wurare ilimin ya ɓullo. A 1974 Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam da ke taimakawa a wani asibitin kyauta a New York, ya rubuta yadda 'yan sa-kai masu ƙwazo ke ƙarewa a hankali har su daina jin tausayin waɗanda suke yi wa hidima. A 1980, bayan matsin lambar tsofaffin sojojin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka amince da ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, wanda ake kira PTSD, a matsayin cuta mai zaman kanta.

Shekarun 1990 ne suka tilasta wa ƙungiyoyin agaji sauraro. A Ruwanda an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari a 1994. Da 'yan gudun hijira suka tsallaka iyaka suka kwarara garin Goma, kwalara da atini suka kashe kusan 50,000 a wata guda, ƙasar kuma dutse ce mai wuyar haƙa, sai da aka riƙa kwashe gawawwaki da manyan motoci. Matasan da aka turo daga Turai da Amurka, wasunsu ba su taɓa ganin gawa ba, suka koma gida ba su iya zama cikin iyalansu. A Disambar 1996 aka bi ma'aikatan Red Cross shida har makwancinsu a asibitin Novye Atagi na Caciniya aka harbe su. Tun 1993 Red Cross ta buɗe cibiyar tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa a babban birnin Denmak. A 1997 ƙungiyoyin Birtaniya suka fitar da ƙa'idojin kula da ma'aikata na People In Aid, a 1999 kuma aka kafa gidauniyar Antares a Amsterdam don wannan aiki kaɗai.

Maganin farko da aka runguma da hannu bibbiyu bai yi abin da aka zata ba. An aro shi ne daga tsarin da Jeffrey Mitchell ya fito da shi a 1983 don 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar asibiti: a tara mutane kwana ɗaya zuwa uku bayan mummunan abu, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji a ransa. Tsarin ya yi wa shugabannin ƙungiyoyi daɗi, don zama ɗaya ne a sallami kowa. Amma bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2002 ta nuna cewa irin wannan zama na sau ɗaya ba ya hana ciwon firgici, wani lokaci ma fama rauni yake yi. Daga nan aka koma ga taimakon farko na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2011. A nan ba a matsa wa kowa ya yi magana. Ana tabbatar da ya tsira, ya ci, ya yi barci, ya ji muryar danginsa, sannan a sa masa ido, in damuwar ta ƙi lafawa a kai shi wurin ƙwararre.

Bincike ya kuma gano cewa ba harsashi kaɗai ke karya ma'aikaci ba. Yawan aiki, shugaba marar sauraro, kwantiragin wata uku da ba a san makomarsa ba, duk suna cin mutum a tsaye. Wani nazari da aka buga a 2012 ya bi ma'aikata 212 tun kafin su tafi fage har dawowarsu, ya tarar masu alamun baƙin ciki mai tsanani sun kusa ninkawa, daga kashi 10 cikin ɗari zuwa kusan 20, waɗanda ke da abokai da dangi na jingina kuwa sun fi samun sauƙi.

Bam ɗin da ya kashe mutum 22 a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza ranar 19 ga Agustan 2003 shi ya sa ake tunawa da ma'aikatan jinƙai a wannan rana kowace shekara. Amma kotu ce ta fi girgiza ofisoshi. A 2012 aka harbi wani ma'aikacin agaji ɗan Kanada, Steve Dennis, aka sace shi a sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya. A Nuwambar 2015 wata kotu a Oslo ta sami ƙungiyar da yake yi wa aiki, Norwegian Refugee Council, da mummunan sakaci, ta ba shi diyyar kurona miliyan 4.4, har da ta raunin ƙwaƙwalwa. Tun daga lokacin kula da ma'aikaci ta zama haƙƙin da za a iya nema a gaban alƙali.

Sai dai kusan duk wannan ci gaba ya fara ne da baƙi, alhali mafi yawan ma'aikatan agaji 'yan ƙasa ne. Baƙo yana da hutun da ake fitar da shi duk bayan 'yan makonni, da inshora, da likitan da zai kira. Direba ko ungozoma 'yar gari kuwa, idan ta tashi aiki cikin rikicin take komawa, don nan ne gidansu. Binciken da aka yi kan ma'aikata 'yan ƙasa 376 a Gulu ta arewacin Yuganda ya sami kashi 68 cikin ɗari da alamun baƙin ciki mai tsanani. Cikin ma'aikatan agaji 383 da aka kashe a duniya a 2024, mafi yawansu 'yan ƙasa ne.

Borno ta san wannan. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, 'yan sa-kai shida na Red Cross ta Najeriya suna cikin waɗanda suka mutu. A Maris na 2018 aka sace ungozoma biyu na Red Cross a garin, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. Abokan aikinsu da suka rage 'yan yankin ne, kuma da su aka ci gaba da aikin.

A Disambar 2019 babban taron Red Cross da Red Crescent a Jeniba ya zartar da ƙudurin da ya ambaci lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata da 'yan sa-kai ƙarara. Cika shi ne da wuya a ƙasa irin Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ne ke ɗaukar nauyin marasa lafiya daga jihohi da dama na arewa maso gabas.