Tsohuwar Honda a Kasuwar Gwanjo

A shekarar 1969 ne kamfanin Honda na Japan ya fito da babur CB750 mai silinda huɗu, wanda ya taimaka wajen karya kasuwar baburan Ingila irin su Triumph da BSA. To, a 2018 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin samfuransa na farko a can Ingila, aka saye shi fam 161,000. Su can, tsoho suke gyarawa ya koma sabo fil, kuɗinsa ya ninka. Mu kuwa, Hondar da iyayenmu suka yi fatauci a kanta muke sarewa, muna aunawa a kilo. Jama'a, kafin mu ɗora a sikeli, mu duba lambar inji, mu tambayi tsofaffin makanikai. Allah Ya sa mu dace.