Tarihin Maganin Ciwon Hantsa a Borno Kamar Yadda Sunayen Itatuwa Suka Adana Shi

Ciwon hantsa shi ne kumburin da kan kama hantsar saniya, ta yi zafi ta yi tauri, madara ta guntse ko ta fito da jini. Masana sun tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta kan nono, galibi ta hannun mai tatsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun magungunan da makiyayan Borno, wato Fulani da Larabawan Shuwa da Barebari, suka dogara da su, ta hanyar sunayen itatuwan.

Tun daga annobar bushiya ta wajen 1890, wadda ta kusa ƙare shanun ƙasar nan, hankalin hukuma bai bar cututtukan da ke kashe garke ba. Ɗakin binciken da Turawa suka kafa a Vom a 1924 ma domin bushiya aka yi shi. Ciwon hantsa kuwa ba kasafai yake kisa ba, ƙwaryar nono kawai yake ragewa, saboda haka aka bar shi a hannun makiyayi da matarsa mai tallar nono.

Abin da suke da shi shi ne daji. Bagaruwa, wadda ake jeme fata da 'ya'yanta, tana tsotse ruwan miki, ɓawon maɗaci kuma tsohon maganin dabbobi ne. Abin lura shi ne kowace al'umma da sunan da take kiran bagaruwa: Fulani su ce gawari, Barebari kangar, Shuwa garad, wasu Hausawa kuma gabaruwa.  Irin waɗannan sunaye ne likita J. M. Dalziel ya tattara a ƙamusunsa na tsirrai na 1916. Dogon yaro kuwa baƙo ne daga Indiya, sai a 1928 aka fara dasa shi a Lardin Borno, shi ya sa sunayensa laƙabi ne kawai: darbejiya, maina, ko nim na aro. Duk da haka ya shige sahun magani cikin ɗan lokaci. Daga baya allurar Bature ta zo, ta fi saurin aiki, amma yawan yin ta barkatai ya sa wasu ƙwayoyin suka daina jin ta.

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro makiyaya da yawa zuwa gefen Maiduguri. Ko nan ɗin ba su tsira ba, domin unguwar Jiddari Polo da ke kusa da Barikin Giwa ta sha hari a watan Yuni na 2017. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa ya san dogon yaro, tunda a ƙofar gida yake, amma maɗaci sai dai ya ga ɓawonsa a buhun mai magani a kasuwa.