Yadda Kwana a Tanti Bisa Duwatsu Ya Zama Hutun Iyali a Amurka

Har tsakiyar ƙarni na 19, kwana a tanti cikin duwatsun Amurka harka ce ta sojoji da mafarauta da masu awon ƙasa, ba a ɗaukarsa hutu, balle a tafi da ƙananan yara. Abin da ya soma sauya wannan tunani shi ne littafin da wani limamin coci na Boston, William Murray, ya wallafa a 1869 game da duwatsun Adirondack na jihar New York, inda ya nuna cewa iskar daji magani ce ga mutanen birni, kuma mata ma suna iya zuwa. A wannan shekarar jama'a suka yi tururuwa zuwa can, akasarinsu ba shiri, suka sha dukan ruwan sama da cizon ƙudaje.

Mota ce dai ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi hanya, domin da ita magidanci zai loda tanti da tukwane da barguna, ya kwashi iyalinsa ba tare da biyan kuɗin masauki ba. An bar motoci su shiga gandun dajin Yosemite a 1913, amma cunkoson da ya biyo baya a ire-iren waɗannan wurare ya daddanne ƙasa har saiwoyin manyan itatuwa suka fara lalacewa. A 1932 Emilio Meinecke, masanin cututtukan tsirrai, ya fito da tsarin sansani mai hanya guda da ke zagayawa, kowane iyali da wurin ajiye motarsa da teburinsa da murhunsa a kafe, kuma wannan tsari, wanda ya ceci itatuwa, shi ake bi har yau.