Iskokin Duwatsu: Tarihin Wani Tsohon Imani a Ƙasar Dutse

Tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, mutane sun yi imani cewa ba su kaɗai ke zaune a ƙasa ba. Akwai waɗansu halittu ɓoyayyu, watau iskoki, waɗanda mazauninsu shi ne duwatsu da kogunan dutse da manyan itatuwa irin su kuka da tsamiya. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe da Tsumburbura a Dala. Ƙasar Dutse kuwa, wadda ta daɗe ƙarƙashin Kano, duwatsu ne suka ba ta suna, saboda haka ba abin mamaki ba ne irin wannan imani ya yi saiwa a cikinta.

Kudu da Dutse, a Birnin Kudu, akwai zanen shanu na mutanen dā a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsu masu amo in an buga su. Bernard Fagg ya yi rubutu kan irin waɗannan duwatsu masu amo a 1956. Wannan ya nuna cewa tun da jimawa dutse wuri ne na al'ada, ba mafaka kawai ba.

Zuwan Musulunci bai shafe iskoki ba, sai dai ya sake musu suna da matsayi. Aka kira su aljannu, aka kasa su gida biyu: farfaru, waɗanda ake ɗauka Musulmi ne, irin su Malam Alhaji na bori, da babbaƙu, waɗanda ake ɗauka arna ne mazauna daji. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano, ya bayyana wannan rabe-rabe a littafinsa na 1946. Bayan jihadin 1804 malamai suka tsananta wa tsafi da bori, amma tsoron gifta tsamiya da tsakar rana bai gushe ba.

Abin lura shi ne, haka ta faru a arewacin Turai. Mutanen can sun yi imani da waɗansu halittu da suke kira alfar. Wajen 1220, bayan Kiristanci ya kafu a Aisilan, Snorri Sturluson ya kasa su biyu, na haske da na duhu, kuma masana da dama suna ganin tasirin sabon addini ne. A Ingila ta dā ma akan danganta ciwon farat ɗaya da harbinsu, kamar yadda Bahaushe ke cewa iska ta taɓa mutum. Ashe ke nan sabon addini yakan ba tsofaffin iskoki sabuwar riga ne, ba ya korarsu ƙaf.

Daga 1991, lokacin da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa, gari ya faɗaɗa har gindin duwatsu, tsofaffin da suka san labarin kowane dutse kuma suna ta ƙarewa. In ba a tattara abin da ke bakinsu ba, za a wayi gari duwatsun na nan, amma babu mai iya faɗin wanda aka ce yana zaune cikinsu.