Gano gawar da ba a san mai ita ba ta hanyar gwajin DNA

Gano gawa ta hanyar gwajin DNA hanya ce ta kimiyya da ake bi don sanin sunan mamacin da ba a iya gane shi da ido ba, ko don ya ƙone, ko ya ruɓe, ko kuma ƙasusuwansa kawai aka tarar. DNA ƙwayar halitta ce da mutum yake gada daga iyayensa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ita kaɗai ba ta faɗin sunan kowa. Yawanci sai an kwatanta ta mamacin da ta wani ɗan'uwansa na jini kafin a san ko wane ne.

Tarihi

Masanin kimiyya Alec Jeffreys ne ya gano hanyar bambance mutane da DNA a Jami'ar Leicester ta Ingila a shekarar 1984. Bayan yaƙin Bosniya an yi amfani da ita wajen tantance mutanen da aka kashe a Srebrenica a 1995, inda aka gano kusan 7,000 daga cikin kimanin 8,000, ta hanyar kwatanta ƙasusuwa da jinin danginsu.

A 2017 aka kafa ƙungiyar DNA Doe Project a Amurka. A watan Afrilun 2018 ta gano sunan wata budurwa da aka tsinci gawarta a jihar Ohio tun 1981, bayan shekara 37 ba a san ko wace ce ba.

Yadda ake yi

Ana ɗaukar samfuri daga jini, ko haƙori, ko ƙashin cinya, ko ƙashin da ke kewaye da kunnen ciki, domin ƙashi da haƙori sun fi daɗewa ba su lalace ba. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko ita ce kwatance kai tsaye. Idan ana zaton mamacin ɗan wani gida ne, sai a goga auduga a cikin kumatun mahaifi, ko mahaifiya, ko ɗa, a kwatanta wurare kimanin 20 na DNA ɗinsu da na gawar.

Ta biyu ita ce binciken nasaba, wanda ake yi idan babu wanda ake zato. Ana karanta dubban ɗaruruwan wurare na DNA ɗin mamacin, a saka a rumbun intanet irin su GEDmatch, inda mutane suka ajiye sakamakon gwajinsu. Yawan abin da aka yi tarayya a kai shi ke nuna kusanci: shaƙiƙai suna haɗa kimanin kashi 50 cikin 100, 'yan uba kashi 25, ɗan baffa ko ɗan kawu kashi 12.5. Mai bincike yana bin salsalar dangin da suka bayyana har ya kai ga kakan da ya haɗa su, sannan ya gangaro yana neman reshen da wani ya ɓata. A ƙarshe ana tabbatarwa da kwatance kai tsaye.

A Najeriya

Bayan faɗuwar jirgin Dana a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, wanda ya hallaka duka mutum 153 da ke cikinsa, an aika samfurori zuwa Birtaniya don tantance gawarwakin. Gwamnatin Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA a Satumbar 2017, amma an ƙona ta a tarzomar Oktoban 2020.

A turmutsitsin Mina na ranar 24 ga Satumba, 2015, Najeriya ta rasa alhazai fiye da 270, kuma Jihar Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Hukumomin Saudiyya sun ɗauki DNA na mamatan da ba a gane ba, sun kuma karɓi samfurin danginsu a Makka.

A gabashin Sakkwato, hare-haren 'yan bindiga sun sa buƙatar ta fito fili a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. A farkon Disambar 2021 an cinna wa wata motar fasinja wuta kusa da ƙauyen Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23 sun mutu, wasunsu sun ƙone ƙurmus. Akwai kuma waɗanda ake sacewa su mutu a daji ba tare da iyalansu sun ga gawa ba. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce a 2022 tana da rajistar mutum fiye da 25,000 da suka ɓata a Najeriya, adadi mafi yawa a Afirka.

Ƙalubale

Mafi yawan waɗanda ke cikin rumbunan nasaba Turawa ne, don haka da wuya gawar Bagobiri ta haɗu da dangi a can. Auren zumunci yana sa mutane biyu su haɗa DNA fiye da yadda kusancinsu yake, abin da ke rikita lissafi. Sunan mahaifi ko na gari da Hausawa suke ɗauka yana canzawa daga tsara zuwa tsara, ga kuma ƙarancin rajistar haihuwa. Zafi da wuta suna lalata DNA, sannan ana gaggauta jana'iza bisa koyarwar Musulunci, saboda haka dole a ɗauki samfuri da hoto kafin a binne, a kuma rubuta inda kabarin yake.

Wannan ya sa kwatance kai tsaye ya fi dacewa da yanki irin ƙasar Gobir, inda iyalai suka san wanda suka rasa, dattawa kuma suke riƙe da salsalar gida a ka. Tabbatar da mutuwa yana ba da damar raba gado, yana kuma warware matsayin matar da mijinta ya ɓata, ta san ko za ta shiga takaba.